Labulen da Iya Ta Ba Mu Aro

Shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu da yawa, ina koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a cikin garin Diffa, da aurena, da ɗiyata ta fari a goye. Garinmu na haihuwa yana gabas da birnin, a bakin Komadugu, ƙauyen manoman tattasai ne. Can mahaifiyarmu take, wadda muke kira Iya, tare da yayyena maza biyu. Baba ya riga ya rasu. Ni ce auta, ni ce kuma mace tilo, wato ni ce ake kawo wa ƙarar kowa, ba a kuma jin shawarata.

Babban Yaya mutum ne mai nauyin baki, kafin ya amsa gaisuwa ka gama taka. Ƙaramin Yaya kuwa shi ke raka buhunan tattasai kasuwa, shi ke da rediyo, shi ya san abin da ake ciki a Yamai fiye da mutanen Yamai ɗin. Inji ɗaya suke ban ruwa da shi, gona ɗaya, akushi ɗaya. Da jam'iyyu suka shigo, kowa ya ɗauki tasa. Kada a tambaye ni abin da ya raba su. Na tambaye su da bakina, ɗaya bayan ɗaya, kuma ban samu komai ba sai launin tuta da fuskar wani mutum da bai taɓa sanin akwai garinmu a duniya ba.

Yadda ake zaɓen a lokacin shi ne, kowane ɗan takara da takardarsa mai hotonsa. Ka kwashe su duka, ka shiga wani lungu kai kaɗai, ka sa ɗaya a ambulan, ka zubar da sauran, ka fito ka jefa ambulan a akwati. A zagaye na farko lungun nan da tsohuwar zana aka kewaye shi, zanar da ko akuya ta tsaya bayanta sai ka faɗi launin jikinta. Samari suka yi ta leƙe. Ban da leƙen kuma, 'yan jam'iyya suka ce kowa ya fito da takardun da bai sa ba, ya nuna, a tabbatar da nasu ne. Kafin rana ta faɗi, babu wanda ba a san abin da ya zaɓa ba.

Abin da ya biyo baya ba faɗa ba ne irin na sanda. Da shi ne ma da sauƙi. Maƙwabci ya daina ara wa maƙwabci tiyo. Mata suka raba lokacin zuwa rijiya. Wasu suka koma yin magariba a gindin wata tsamiya don kada kafaɗarsu ta taɓa ta wasu a sahu. A gidanmu akushi ya zama biyu.

Sai wani tsoho masunci ya rasu, mutumin da babu yaron garin da bai ci kifinsa ba. Rabin gari ya ƙi fita, don an ga takardun da ya fito da su ranar zaɓe. Masu haƙa suka yi kaɗan, gawa ta jira har rana ta take. A garinmu idan an ɗauki makara, ba a barin mutum ya yi nisa da ita, wani yana sa kafaɗa wani yana cirewa, har a isa. Ran nan waɗanda suka ɗauka su suka kai. Iya na tsaye a ƙofar gida ta ga wucewarsu. Babban Yaya na ƙarƙashin makarar yana haki. Ƙaramin Yaya na cikin ɗaki ya ƙure rediyo.

Ta aika aka kira ni daga Diffa. Na same ta zaune a bakin gado, ba ta ko karɓi jikarta ba.

"Auta, kin san abin da idona ya gani?" ta ce. "Makara ta wuce, babu mai karɓar wani."

Na ce na ji labari.

"Ni maza biyu na haifa. Ɗaya zai shiga rami ta wajen kai, ɗaya ta wajen ƙafa. Haka aka yi wa uwata. In ɗaya ya zauna yana jin rediyo, wa zai kama mini ɗaya ɓangaren? Baƙo?"

Na ce ta daina irin wannan magana, ga ta da lafiyarta. Ta kalle ni kallon da take yi mini tun ina yarinya idan na yi shirme. Sannan ta gaya mini sauran. A zagaye na farko zazzaɓin ƙarya ta yi, ta ƙi fita. Yanzu ga zagaye na biyu ya matso, saura mutum biyu a takara, ɗaya na Babban Yaya, ɗaya na Ƙaramin Yaya. Kowannensu ya zo mata a keɓe, ya ce ko a amalanke ne zai kai ta, kuma ta fito masa da takardar da ba ta sa ba. Duk wanda ta fito da hoton ɗan takararsa, ta yar da shi ke nan a gaban gari. Na ji tsoro a ranar, kuma na ji haushin 'yan uwana har na kasa cin tuwo.

Da yake ina karatu da rubutu kuma ina jin Barbarci, yarenmu, sai aka sa ni sakatariyar buron zaɓe, wato mazaɓa, na garinmu. Shugaban buron wani mushe ne, kamar yadda muke ce wa malaman lakwal, daga can yamma, siriri, mai gaskiya, da Hausarsa ta kasuwa, ba ya jin ko gaisuwa da yarenmu. Bayan koke-koken zagaye na farko, umarni ya zo daga sama cewa a rufe lungun zaɓe da kyau. Umarnin ya iso lafiya. Labulen ne bai iso ba. An kawo akwati, an kawo tawada, an kawo takardu da ambulan, aka ce sauran mu san dabara.

Da safiyar zaɓe muka shirya tebur a rumfar lakwal. Kowane ɗan takara yana da wakili da zai zauna ya sa ido, kuma ba sai na faɗi su waye wakilan ba. Babban Yaya ya ja kujerarsa ƙarshen tebur na dama, Ƙaramin Yaya ya ja tasa na hagu, ni a tsakiya da biro, kamar dai a gida.

Mushe ya ce a kawo zani a yi labule. Matar bulama, mai garinmu, ta kawo nata na biki. Ƙaramin Yaya ya miƙe ya ce wannan launin jam'iyyar su wane ne, ba za a shigar da mutane cikin tutar abokin hamayya ba. Aka kawo wani, Babban Yaya ya girgiza kai. Aka kawo mai furanni, aka tarar furannin ma suna da jam'iyya. Aka kawo bargo, wani daga waje ya ce ratsin bakinsa fa? A cikin wata biyu kacal an raba launukan da Allah ya halitta, kowanne da mai shi. Na ce da su ko fatar akuya za a shanya, ita ma sai an binciki ra'ayin akuyar. Babu wanda ya yi dariya.

Rana ta ɗaga. Layin maza da na mata suka yi tsawo. A nan na lura maza da yawa sun zo da sanduna, wai saboda macizai. A tsakiyar gari, da hantsi. Surutu ya fara canza murya, irin canjin da mace ke ganewa ta ja ɗanta kusa. Mushe yana ta share gumi yana duban hanyar da motar jandarma za ta iya ɓullowa, ba ta kuwa da niyya.

Ban ga lokacin da Iya ta bar layin mata ba. Dawowarta na gani. Tana tafe a hankali, da wani ƙunshi a ka, ta ratsa ta tsakanin layukan nan biyu. Duk inda ta wuce sai magana ta mutu. Ta sauke ƙunshin a kan teburinmu ta kwance, ga farin alawayyo sabo, ninki a kan ninki, ba a taɓa sa masa almakashi ba.

"Wala!" in ji mushe, yana murna. "Madam, ga shi an gama. Fari tas, mi ya fi wannan?"

Ya kama baki ɗaya ya fara warwarewa. Ƙanshin ya tashi, turaren wuta da kanumfari da wannan warin na cikin adaka da ta daɗe a rufe. Babu wanda ke rumfar, ban da mushe, da bai san mene ne ba. Tsofaffinmu suna ajiye likkafaninsu tun suna da rai, a ƙasan adaka, ba a maganarsa. Na Iya Baba ne ya zo mata da shi daga Makka, an jiƙa shi da Zamzam an shanya a can. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina yarinya, ina neman wani abu daban, kuma na sha mari.

Na matsa na raɗa wa mushe da Faransanci. Ya saki bakin ƙyallen kamar ya taɓa garwashi.

Iya ta dube shi, ta yi masa magana da Hausa, abin da ba ta cika yi ba. "Mushe, wace jam'iyya ke da fari?"

Ya dubi Babban Yaya, ya dubi Ƙaramin Yaya. Dukansu ƙasa suke kallo.

"To, a ɗaura," ta ce.

Aka juya ga liman. Ya ce ƙyalle ƙyalle ne har ranar da aka naɗe mai shi a ciki, babu laifi. Amma shi ma bai matso ba. Babu wanda ya miƙa hannu. Sai Iya ta juya ga 'ya'yanta, ta koma yarenmu.

"Kai, kama nan. Kai kuma, kama can. Ku koya tun yanzu."

Suka miƙe. Babban Yaya ya kama wannan baki, Ƙaramin Yaya ya kama wancan, suka ja da baya har ƙyallen ya miƙe tsakaninsu, suka zagaya da shi ginshiƙan kusurwar rumfa, suka ɗaure da igiyar kaba. Ba su dubi juna ba. Hannun Ƙaramin Yaya, mai bakin nan, ya kasa ƙulli sai da ya sake.

Aka ce a fara. Babu wanda ya motsa.

A nan na ji shirun. Lokacin tattasai kwarinmu ba ya shiru, injinan ban ruwa suna kuka a bakin kogi tun asuba, har mutum ya daina jin su. Ran nan kowa ya kashe nasa ya zo zaɓe. Daga inda nake zaune ina hangen shanyar tattasai bayan gari, ja wur har iyakar gani, ba kowa a ciki, ko tsuntsu. Ga farin ɗakin nan a kusurwa, ba iska, amma yana ɗan kumbura yana lafawa a hankali. Wataƙila zafin rana ne. Ban sani ba, ban kuma so in ci gaba da kallo.

Iya ce ta fara. A zagaye na farko mutane sun riƙa sulalewa ba a sa musu tawada ba, don ana cewa tana hana ruwan alwala taɓa fata, shi ya sa mushe ya ce wannan karon sai an tsoma yatsa kafin a ba mutum takardu. Ta miƙa yatsa ya tsoma. Ta karɓi takardun biyu da ambulan. Da ta isa bakin labulen sai ta tuɓe takalmanta, ta jera su, ta ɗage gefen ƙyallen ta shiga.

Hasken rana na faɗowa ta bayan rumfar, sai muka ga inuwarta a jikin farin, ba hannu ba fuska, tsawon mutum kawai a tsaye. Wata mata a layi ta ce innalillahi a hankali. Na dubi yayyena. Babban Yaya ya buɗe baki kaɗan, hawaye na bin gemunsa bai sani ba. Ƙaramin Yaya ya dafe tebur da hannu biyu. Ta daɗe a ciki. Ta daɗe har na fara tunanin in tashi in duba.

Ta fito. Ta jefa ambulan a akwati. Ta zo gaban tebur ta buɗe tafukanta biyu, ta nuna wa na dama, ta nuna wa na hagu, ta kakkaɓe bakin zaninta. Babu komai.

"Abin da na bari a can ya zauna a can," ta ce. Ta sa takalmanta ta tafi gida.

Bulama ya biyo baya, shi ma ya tuɓe takalmi, alhali ba wanda ya ce a tuɓe. Daga nan kowa ya tuɓe. Wani dattijo ya yi sallama a bakin labulen, irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta, ya ɗan jira, sannan ya shiga. Wani ya yi kalmar shahada. Mata suna shiga da goyo, kuma ban ji jariri ɗaya ya yi kuka a ciki ba. Samarin nan masu leƙe suka tsaya nesa, wasu ma sun juya baya. Wa zai leƙa ta jikin likkafanin tsohuwa? Kuma babu wanda ya fito da takarda. Akwai tsohon tulu da muka ajiye a ciki don zubarwa, kowa ya bar tasa a nan. 'Yan jam'iyya da aka girka a bakin hanya don karɓa ba su tambayi kowa ba. Na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu zai tsayar da wata tsohuwa, ya fasa, ya sosa ƙeya.

Da azahar ta wuce layi ya ragu, sai na ba mushe biro na shiga nawa.

Ban yi zaton haka cikin yake ba. Ƙaramin wuri ne, in ka buɗe hannu ka taɓa duka gefen. Haske ko'ina fari, ba ka san ta inda yake shigowa ba. Muryoyin waje suka koma nesa kamar daga ƙetaren kogi. Ƙanshin ɗakin Iya ya rufe ni. A ƙasa ga tulu, cike da fuskokin mutum biyun nan, wasu a kife, wasu suna kallona suna murmushin hoto. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan ƙulli na baƙin zare a gefen ƙyallen. Na bi gefen da ido, can gaba ga wani. Na gane. Ta auna kanta, ta sa alamar inda za a yanka, don kada ta wahalar da mu ranar. Tsakanin ƙullin nan da wancan tsawon uwata ne, da ɗan ƙari na ɗauri.

Na tsaya da takardu biyu a hannu. Tun daga Diffa na san wanda zan zaɓa, har gardama nake yi a kansa a lakwal. A cikin wurin nan sai na ji babu mai ganina, babu mijina, babu yayyena, babu wanda zan burge. Ban taɓa zama ni kaɗai haka ba a rayuwata, kuma abin ya ba ni tsoro. Na sa abin da na sa, na fito.

Da la'asar sakaliya aka buɗe akwati a gaban kowa. Mushe na ɗaga takarda ɗaya ɗaya yana nunawa, ina rubutawa, yayyena na kallo. A garinmu ɗan takarar Babban Yaya ne ya sha ƙasa. Ya daɗe yana duban takardar sakamako. Amma me zai ce? Tun safe yana zaune, ba abin da ya wuce idonsa, ba wanda aka leƙa, ba wanda aka tilasta, kuma bai san ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce kai ne ka ci amanata ba. Ya sa hannu. Masu sandunan macizai suka ja su a ƙasa suka watse.

Su biyun suka kwance labulen, don ba mai taɓa shi sai su. Ninke dogon ƙyalle kuwa dole mutum biyu su riƙa matsowa, ninki bayan ninki, har su haɗu ƙirji da ƙirji. Suka haɗu. Babban Yaya ya karɓa, Ƙaramin Yaya ya saki. A nan muka ga gefen da ake ɗagawa a shiga. Tun daga tsayin kafaɗa har ƙugu, tabon tawada ne, yatsa a kan yatsa, manya da ƙanana, na gari duka.

Na wanke shi washegari. Na sa sabulu, na sa kanwa, na sa lemun tsami. Tawadar nan an yi ta ne don kada ta fita, ba ta kuwa fita ba. Na ce wa Iya zan sayo mata sabo a Diffa. Ta shafa gefen da hannunta, ta ce Babanku ne ya kawo wannan. Kada a canza, kada a yanke a yar. Ta mayar da shi ƙasan adaka.

Ba zan yi ƙarya in ce yayyena sun shirya ba. Sun raba gona, kowa ya sayi injinsa. Sojoji suka zo suka tafi, aka sake zaɓe, aka sake. Manyan da suka ɓata dominsu suka shirya, suka ɓata, suka sake shiryawa, har aka yi shekarar da jam'iyyun nasu biyu suka shiga ƙawance ɗaya, ana kiɗa ɗaya ana rawa ɗaya, su kuwa gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa ba. Abin ya daina zama na siyasa, ya zama nasu. Daga baya an riƙa aiko da labule na gaske daga Yamai, an kuma riƙa tara mu a Diffa ana koya mana abin da ke sa zaɓe ya yi kyau. Ina zama in saurara, maganarsu gaskiya ce. Ni dai abin da na gani shi ne, tun daga ranar nan ba a ƙara tare kowa a garinmu an ce ya nuna takardar da ya bari ba, kuma ba a ƙara ƙin bin makara ba. Har yanzu akwai tsofaffin da ke tuɓe takalmi a bakin lungun zaɓe, yara na yi musu dariya.

Sau ɗaya na tambayi Iya wanda ta zaɓa. Muna cire wa tattasai hanci a tsakar gida, ba kowa. Na ce ni fa auta ce, ba zan faɗa ba.

"Ke ma kin zama mai leƙe?" ta ce. Ban ƙara ba.

Ta rasu fiye da shekara goma bayan haka, da safe, kwanaki kaɗan bayan ruwan Komadugu ya iso. Ni na yi mata wanka tare da tsofaffin mata biyu. Na buɗe adaka na ɗauko ƙunshin. Ƙanshin yana nan, tabon ma yana nan, ya ɗan koma ruwan ƙasa.

Yayyena na zaure, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan. Na fita da ƙyallen a hannu.

"Auta, ki gaya masa zan hau babur in sayo sabo a Diffa," in ji Ƙaramin Yaya. "Ba za a naɗe ta cikin dattin siyasa ba."

"Ki gaya masa gawa ba ta jira," in ji Babban Yaya. "A yanke gefen a yar."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ce ni ba 'yar aikenku ba ce, ga ku ga juna, kuma kunnuwanku lafiya lau. Na ce ta ce kada a canza, kada a yanke a yar, kuma yau ko sau ɗaya za a ji maganar mace a gidan nan. Na koma ciki.

Tsohuwar da ke yankan likkafani ta bi ƙullin zaren nan ta yanka, bai ragu ba bai ƙaru ba. A al'adarmu daga gefen ƙyallen ake yago siraran igiyoyi da ake ɗaure gawa da su, a kai, a tsakiya, a ƙafa. Ba ta tambaye ni ba, ta kama gefen mai tawada ta yage shi tsawonsa. Muka naɗe Iya fari tas, sai ɗaurin nan uku masu yatsun mutane.

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Na tsaya a ƙofar gida, daidai inda ta tsaya ranar masuncin. Gari duka ya fito. Babban Yaya ya sa kafaɗa a gaba. Ƙaramin Yaya na jingine da bango, hannuwansa a baya. Makara ta tashi, mutane suna karɓar juna, shi bai motsa ba. Sai da ta kusa shan kwana sannan ya bi, can a ƙarshen jama'a, shi kaɗai. Iyakar abin da na gani ke nan.

Na zauna a tsakar gida ina jin kukan injinan ban ruwa daga bakin kogi. Na yi addu'a, ba ma don ita ba, don na san inda zuciyarta take. Na ce Allah kada ka sa baƙo ya kama mata ƙafa.

Da suka dawo, kafin kowa ya yi magana, riguna na duba. Wanda ya tsaya a bakin kabari ƙasa a takalminsa take tsayawa. Wanda ya shiga ciki kuwa har ƙirji take kai masa. Babban Yaya ya wuce zaure, gaban rigarsa duk jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙaramin Yaya ya shigo cikin gida neman ruwa. Tasa ma haka.

Na ɗebo masa a moɗa. Ya sha, ya tsaya yana kallon cikinta.

"Ni na kwance ɗaurin ƙafa," ya ce. "Shi ya kwance na kai." Ya ɗago ya dube ni. "Auta, na duba yatsun nan. Na nemi nawa. Wallahi ban gane shi ba, duk iri ɗaya ne. Na ɗaga kai, sai na ga shi ma ya riƙe nasa ɗaurin yana dubawa."

Ya je randa da kansa ya sake cika moɗar, ya riƙe ta da hannu biyu don kada ta zuba, ya nufi zaure da ita.